Tsakuwa ta Goma sha Tara

Da sunan Wanda ya tsaga baki ya shimfiɗa harshe a cikinsa, ya ba iska hanya ta zama magana, ya ba magana hanya ta isa kunne. Bayan haka, Tabawa, ƙanwata, ke nake wa wannan hikaya, ko da yake na san ƙasar da ke kanki ba ta da kunne. Ni ne Korau, yayanki, wanda ya ajiye allo a izu goma sha ɗaya ya koma kiwon awaki. Na je, na dawo. Naɗe ƙafa yadda kika saba, ki ji abin da ya same ni.

Kin san farkon, amma bari in faro daga can, don in na tsallake shi sauran ba zai tsaya ba. An haife ki da leɓen sama a tsage har gindin hanci. Sautuka huɗu suka ƙi zama a bakinki, waɗanda sai leɓe ya haɗu suke fita: ba, ɓa, ma, fa. Ko sunanki ba ki iya faɗa daidai. Yaran Rafin Kanya su tare ki a bakin rijiya, su ce sai kin ce Baba za ki wuce. Kina shekara shida kika daina magana ɗungum.

Sai na ja ki gindin tsamiyar bayan gidanmu, na ce ki yi duk ƙarar da bakinki ke so. Wadda ta fita sumul, in ɗauki tsakuwa in ajiye. Kwana uku muka yi a haka, tsakuwa ta kai goma sha takwas. Na ce to, da waɗannan za mu gina yarenmu, wanda babu ruwansa da leɓe. Muka sa doka: kalma ba ta wuce gaɓa uku, don numfashinki gajere ne, kuma kowace ta ƙare baki a buɗe. Ruwa ya zama silo, akuya neke, hanya kuwa dari.

Rana ta huɗu kika yi dariya, iska ta bi ta tsagar leɓenki ta fita da wani siririn fito, kamar na tsuntsun da bai gama koyon kuka ba. Kika rufe baki da hannu. Na cire hannun, na nemo farar tsakuwa, na ajiye ta goma sha tara. Ke kika yanke inda za ta zauna: ba a kowace kalma ba, sai a farkon abin da ake so. Ruwan farko na damina, tuwon Inna, “dawo gida”, da sabon sunan da kika raɗa wa kanki. Wata biyu na yi ina ɗaga leɓena da babban yatsa ina hurawa kafin in iya wani abu mai kama da shi, kina cewa nawa kamar ɗan akuya mai mura. Alkawari ɗaya kika sa na ɗauka: kada in koya wa mai dariya.

Shekara goma sha ɗaya muna hira da shi. Sai zazzaɓin ƙarshen damina ya zo, kwana biyar kawai ya yi. Kalmarki ta ƙarshe da fiton ta fara, ba ki kai ƙarshenta ba.

Kashegarin sadakar arba’in ina ɗinke jakata, na nemi sunan allura a yarenmu, babu. Na juya kaina kamar mai juya tulu, ko ɗigo. Yaren da ke da baki biyu ya koma baki ɗaya, shi ɗin ma yana yoyo. Na ɗauko tsohon allona na wanke, na fara rubutawa da ɗan abin da na sani. Da na zo kan fitonki sai na rasa yadda zan yi, na sa ɗigo uku. Da na dube su bayan sati, ɗigo uku ne kawai, ba su ce mini komai ba.

Na kai wa Malam Arzika, wanda ya koya mini baƙi. Ya ce baƙaƙen da ya sani kowanne da gidansa, wannan nawa kuwa ba a gina masa gida ba tukuna. Ya ce can bayan Jan Rairayi akwai Birnin Zubi, inda ake zuba wa sauti baƙi da tagulla. Ina tashi ya ƙara da cewa bai taɓa ganin wanda ya dawo daga can yana da yawan surutu ba. Na ɗauka zolaya ce irin ta tsofaffi.

Na ɗaure tsakuwoyin a ƙyalle, na rataya a wuya, na bi ayarin masu kanwa. Wata guda muka yi cikin Jan Rairayi, inda tudu ke kwana gabas ya wayi gari yamma. Na ga garin da aka gina da gishiri, masu shi suna addu’ar kada a yi ruwa. Na ga kogin da ke gudu zuwa kan dutse. Kullum da hantsi nakan zauna in karanto kalmominmu da ƙarfi, daga farko har ƙarshe, don kada wata ta sake sulalewa.

Masu kanwa suka yi kudu, ni na shiga wani kurmi ni kaɗai. Da hantsi ya yi na zauna na fara karatuna. Na faɗi kalmarmu ta rana. Sai na ji an maimaita ta a sama, da muryata. Na ɗaga kai, ga wani tsuntsu toka-toka, girman kurciya, da kunnuwa kamar na jemage. Ya haɗiye, maƙogwaronsa ya motsa. Na koma in sake faɗin kalmar, na tarar da gurbinta wayam. Don ruɗewa na faɗi ta gishiri, wani ya cafe. Na faɗi ta dariya, ita ma ta tafi. Tabawa, na ƙame a wurin kamar an dasa ni. Kalma uku cikin numfashi uku.

Na dafe bakina da hannu biyu. Ashe shirun ma ba mafita ba ne. Suka sauko ɗari-ɗari suna saran yatsuna, suna neman leɓena, don in yi ƙara su samu abin ci. Jini na bin gwiwar hannuna. Nan na tuna ina da rumbu guda na kalmomin da ban taɓa so ba. Na buɗe baki na fara jefa musu sunayen da yaran Rafin Kanya ke kiran ki da su, ɗaya bayan ɗaya, da waƙar da suke miki a bakin rijiya, da abin da matar mahauci ta ce ranar sunanki. Suka yi ta wawa suna haɗiya. Kafin azahar cikinsu ya yi nauyi, suna faɗowa daga reshe tim-tim, sun kasa tashi. Na bi ta tsakiyarsu na wuce. Yau ko za a yanka ni ban san da me ake zagin ki ba.

A bakin kurmin na tarar da wani mai gawayi da jakuna biyu, ya naɗe bakinsa da rawani har ido. Sunansa Cindo, yatsa shida gare shi a hannun hagu, shi ke kai wa mazuban birni gawayi. Ya ga duk abin da ya faru. Ya kwance rawanin yana dariya har da riƙe ciki.

“Shekara ashirin ina ratsa dajin nan baki a ɗaure,” in ji shi, “ashe zagi ne tuwonsu. Da na sani ai da surukata zan riƙa zuwa.”

Da ya ga allon da ke kafaɗata ya tambayi inda na tsaya a karatu, na faɗa masa. Daga ranar ya ajiye sunana gefe, sai Malam Rabin Allo. Na ƙudurta a raina cewa wannan mutum ba zai taɓa jin fitonki ba.

Kwana biyu muka isa Birnin Zubi. Tun daga nesa ake jin numfashin zuga-zugi kamar na wata babbar dabba. Amma da muka shiga, abin da ya fara kama ni shi ne ba a kira. Kasuwa cike, ba mai talla. Na ga wata mata tana son tsayar da ɗanta da ya nufi garwashi, ta buɗe baki, rabin kalma ta fito, rabi ta maƙale, sai da ta jefe shi da takalmi. Kusan kowa na da tabon ƙuna, wani a hannu, wani a fuska.

Cindo ya ba ni labari muna tafe. Ya ce zamanin kakannin mutanen garin wani sarki ya zo da runduna, ya ce a zuba masa sababbin baƙaƙe huɗu, dubu-dubu, don ƙofofin fadarsa, ya sa takobi ya tilasta wa mutanen gari aikin, babba da yaro. Tun daga lokacin sautuka huɗu suka fita daga bakinsu da na ’ya’yansu. Yarensu ya zama kamar tsohuwar tabarma, duk huji, sai su cike da nuni da hannu. To mazubi kuwa hannunsa biyu na riƙe da tukunyar narkakkiyar tagulla, da me zai yi nuni? Na tambaye shi waɗanne sautuka ne. Ya ce na leɓe. Na tsaya cik a tsakiyar hanya har jakinsa ya ture ni.

Ya kai ni wurin shugabarsu, wata tsohuwa mai suna Yalwa, hannunta na dama a ƙanƙance saboda tsohuwar ƙuna. Cindo ne tafinta. Na kwance ƙyallena na jera tsakuwoyin a kan tabarma. Na taɓa ta farko na faɗi sautinta. Tsohuwar ta maimaita, sumul. Na taɓa ta biyu, ta maimaita. Har goma sha takwas ba ta yi tuntuɓe ba. Na haɗa mata kalma, silo, na nuna randa. Ta faɗa, ta sake faɗa, ta juya ta faɗa wa na bayanta. Masu zuga suka saki zuga-zugi suka taho. Na ga dattijo mai furfura yana faɗin kalma cikakkiya, yana taɓa bakinsa kamar wanda ya tsinci haƙori sabo.

Yalwa ta kama wuyan hannuna ta yi magana. Cindo ya ce, “Tana tambaya, wa ya auna bakinsu ya ɗinka wannan?”

Na ce, “Ba nasu aka auna ba.”

Ta nuna farar tsakuwar. Nan na tuna alkawarinki. Mutum ya fi ɗari a tsaye, ga Cindo a gefena, wanda ko tuntuɓen jaki sai ya ba shi dariya. Na ba su labarinki tukuna, a taƙaice. Sannan na ɗaga leɓena da babban yatsa, na hura, na rufe ido ina jiran abin da muka saba ji.

Ba abin da ya zo. Na buɗe ido. Ba wanda ya ko murmusa. Cindo ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Tsohuwar ta ce in ƙara.

Wata uku na yi a garin. Da safe in koya musu kalmomi, da rana mu shiga rumbun baƙaƙe ni da Yalwa. A can aka adana baƙaƙen da aka taɓa zuba wa al’ummai tun farkon duniya, rataye da zare kamar kifin da aka shanya. Sautukanmu goma sha takwas duk akwai irinsu a ciki, zaɓi kawai za a yi. Ni na kama ɗibar masu kyan gani. Ta buge mini hannu, ta ce ba kayan ado muka zo tsinta ba. Ta sa na riƙa faɗin kowane sauti a hankali ina lura da inda harshena ke taɓawa. Na bakin haƙori muka ba su ɗan tsini a ka, na maƙogwaro zobe, na hanci ɗigo a ciki, yadda ko yaro ya ga baƙi zai san inda zai kai harshe. Ta kafa doka: sauti ɗaya baƙi ɗaya, kuma ba baƙin da zai zauna a kalma ba aikin yi. Mun yi kwana huɗu muna musu kan hawa da saukar murya. Ita tana son a sa wa kowace gaɓa alama, ni na ce allo zai koma kamar inda kaji suka yi tsince. Muka tsaya a kan a sa alama inda murya ta faɗo kaɗai.

Abin da ba mu da sunansa, irin su awartaki da bututu, suka ƙirƙira bisa dokarki: kada kalma ta wuce gaɓa uku, baki a buɗe. Kalmar “kauce” suka fara nema, aka yi mata gaɓa ɗaya tak. Allura ma ta sami sabon suna, amma na san ba shi ne ba.

Saura ta goma sha tara. Mun duba rumbun kaf, ba ta da baƙi a duniya, sai an zuba sabo. A lokacin Yalwa ta iya yarenmu, ba ta bukatar tafinta. Ta zaunar da ni ta ce ta ɗauka na san yadda ake yi. Ana narka tagulla, mai sautin ya hura shi ciki ta bututu. In ta huce, uwar baƙin, wato zubin farko, za ta riƙa fitar da sautin duk lokacin da aka ƙwanƙwasa ta, har abada. Amma wanda ya hura, ya rabu da shi ke nan, shi da duk ɗan da zai haifa.

Sai a lokacin na gane abin da sarkin nan ya yi musu, na kuma gane maganar Malam Arzika. Da wannan fiton sunanki ya fara.

Cindo ya ja ni gefe. “Malam Rabin Allo, rabin karatu gare ka, kada ka koma gida da rabin baki. Sa ɗigonka uku mu tafi.”

Na ce na gwada ɗigo, ba ya magana.

“To ai kai kana magana.”

Na ce ina yi, amma ba har abada ba. Abin da ban faɗa masa ba shi ne tun a Jan Rairayi na lura nawa fiton yana karkacewa. Ba ki nan balle ki ce mini ɗan akuya mai mura, ki gyara mini. Kullum yana ƙara nisa da naki kaɗan-kaɗan, kuma ranar da zai ɓace gaba ɗaya ba zan ma sani ba. Yalwa ta ce ita za ta koya ta hura a madadina, ai ta tsufa. Na dubi ƙanƙanceccen hannunta na ce garin nan ya hura wa baƙi abin da ya isa.

Ta ba ni kakin zuma ta ce in siffanta baƙin yadda nake so. Na daɗe ina murza shi. Ban san na gama ba sai da na ga abin da ke tafin hannuna: baka biyu sun taho za su haɗu, ba su haɗu ba, ’yar hanya a tsakaninsu. Bakinki ne, Tabawa, lokacin da kike dariya.

Da hantsi aka yi aikin. Aka lulluɓe kakin da yumɓu, aka gasa har ya narke ya fita ya bar gurbinsa. Maza biyu suka ɗauko tukunyar tagulla, ɗaya ya ce “kauce” da yarenki, kowa ya kauce. Aka miƙo mini bututun ƙarfe. Kafin in sa baki na kira sunanki sau ɗaya, a hankali. Sannan na ɗaga leɓena na hura. Ban ji zafi ba. Na ji dai kamar an zare mini zare daga ƙirji.

Da la’asar aka fasa yumɓun. Yalwa ta rataye baƙin da zare, ta ɗauki ɗan ƙarfe ta ƙwanƙwasa.

Na zauna a ƙasa. Ba nawa ne ya fito ba. Ba ɗan akuya, ba mura. Naki ne, na ranar nan a gindin tsamiya, har da ɗan rawar da yake yi a ƙarshe in dariya ta ci ƙarfinki. Yalwa ta durƙusa kusa da ni ta ce tagulla ba daga baki take ɗauka ba, daga inda aka ajiye abin take ɗauka. Na sa yatsa a leɓena don in amsa miki. Iska ce kawai ta fito. Na sake, na sake, har Cindo ya riƙe mini hannu.

Dokar garin ita ce uwar baƙi ta wanda ya hura ce. Yalwa ta naɗe ta a fata ta ajiye a gabana. Kwana uku tana wurina, ina ƙwanƙwasawa har yatsana ya yi kanta. Amma kullum sai in ga mutane tsaye a ƙofa, yatsa a leɓe, suna jiran su ji don su gyara nasu. In na tafi da ke, zan riƙa jin ki ni kaɗai har in mutu, sannan a sami tagulla a kayana ba wanda ya san me take cewa. Rana ta huɗu na kai ta ƙofar birni na rataye da hannuna, inda iska ke kaɗa ta.

Ranar da za mu tafi na ga wata budurwa da baƙin layi daga gindin hanci zuwa leɓe. Na zaci yanka kanta ta yi. Na ga ta biyu, na ga ta uku. Cindo ya ce in kwantar da hankalina, kwalli ne, sabon adon ’yan matan gari ke nan, wai baƙin Tabawa suke sawa. Ina nan tsaye, sai ga la’asar ta yi sanyi, iyaye mata suka fito ƙofar gida. Daga wannan lungu, daga wancan, daga saman soro, fito siriri yana tashi. Dawo gida, dawo gida. Yara suna ta gudu.

A kurmin tsuntsaye ba ni da sauran zagin da zan jefa, Cindo ne ya ciyar da su, har ya yi saura. A bakin dajin muka rabu. Ya kira ni Korau.

Yau kwanana tara a Rafin Kanya. Inna ta ce na rame kuma na rage magana. Malam Arzika ya karɓi allona ya duba baƙaƙen goma sha tara, ya daɗe a kan na ƙarshe, ya dube ni, ya miƙo mini. Matar mahauci ta gaishe ni a hanya, na amsa da fara’a, don na manta abin da ya sa ba na gaishe ta.

Ga farar tsakuwarki, na ajiye miki a nan wajen kai. Ba na iya kiran sunanki, Tabawa, sai wannan da ke ba ki iya faɗa. Amma bayan Jan Rairayi akwai gari guda da ke kiran ’ya’yansa gida da muryarki, kuma ba mai dariya. Inna ba ta sani ba. Kullum sai in ce yau zan faɗa mata, in zauna gabanta, in sa yatsa a leɓe, in fasa. Ke kika fara ji. Ban gaya wa kowa ba tukuna.